Man da Injinan Zaharaddini Suka Sha

Zaharaddini bakaniken janareta ne a wani ƙauye bayan Gezawa. Hannunsa na da kyau, amma zuciyarsa ba ta san kalmar "ya isa" ba. Da ya ji wani asibitin soja na neman wanda zai tayar da matattun injinansa, har da na iskar numfashi, sai barci ya ƙaurace masa. Amininsa Ɗan Iya, wanda ya rasa 'ya'ya biyu a bara, ya ce ya san inda ake samun irin wannan kwangila.

Da rana tsaka suka ratsa gonakin dawa zuwa wata tsohuwar rijiya da aka rufa wa bukka. Ciki duhu, ga ƙarnin jini, ga ƙahonin awaki rataye da jan ƙyalle. Wani boka da ke ciki ya sa Zaharaddini tsoma sifanarsa a ƙwaryar baƙin ruwa.

"Duk injin da ka taɓa zai tashi. Amma mutanen rijiya a gidanka za su riƙa ɗaukar mai..." Tari ya sarƙe bokan.

"Mai kawai? Baba, ko duro nawa ne na yarda!"

Ɗan Iya ya sunkuyar da kai.

Kwangila ta faɗo. Asibiti ya yi haske, masana'antun Kano suka shiga layin nemansa, gidansa na ƙasa ya koma bene. Ya jera durorin dizal a zaure, amma ko ɗigo bai ragu ba. Wawan har murna yake yi!

Ranar da injin iskar asibiti ya tashi, 'yarsa Ummi ta faɗi a bakin murhu tana kokawa da numfashi, kafin la'asar an binne ta. Ya tayar da na masaƙa, mahaifiyarsa ta bi. Matarsa Ramlat kuwa ta daina magana, sai gurnani irin na janareta take yi daga safe har yamma, a ɗaure a turu.

Ya koma rijiya a guje. "Ka ce mai za su ɗauka!"

Boka ya ce, "Ka bari na ƙarasa? Mai numfashi na ce. Abokinka ya sani sarai. Kai ya kawo, suka saki gidansa."

Wannan ta fi mutuwar ci masa rai. Ɗan Iya, wanda suka ci tuwo a kwano ɗaya, wanda ya sa kafaɗa a makarar Ummi yana hawaye!

Yau Zaharaddini na zaune a kangon benensa, ƙirjinsa na kaɗawa. Duk sanda aka kunna injin asibiti, numfashinsa ake ja, don Ramlat ma ta bi su, ba sauran kowa a gidan. Kai mai kwaɗayin arzikin dare ɗaya, ka ji tsoron Allah. Masu ba da irinsa ba dizal suke sha ba.