Manhaja Ɗaya, Ɗalibai Biyu

Da hantsin Litinin aka kira ofishin 'yan sanda na Challawa, aka ce an yi sata a wata jami'a mai zaman kanta da ke bayan kamfanonin fata. Sufeto Lawan ya ajiye shayinsa da rabi, ya ɗauki hula. Shekara ashirin da uku yana aikin nan, har yana cika baki wai ɗan Adam ya daina ba shi mamaki.

A ɗakin kwamfuta ya tarar da shugabar sashe, Dakta Asabe. Ya duba ƙofa, kwaɗo lafiya lau. Ga sababbin kwamfutoci talatin a jere, ba wanda ya taɓa su. Wata tsohuwar kwamfuta guda aka ɗauke daga lungu.

"Wane irin ɓarawo ne wannan, ya bar rago ya ɗauki kaza?" in ji Sufeto. "Me ke cikinta?"

"Ayyukan 'yan ajin ƙarshe, da ranar da kowa ya miƙa nasa," in ji Dakta. "Ɗalibai biyu suka kawo manhaja iri ɗaya, layi bisa layi. A dokarmu, wanda ya riga miƙawa shi ne mai aiki. Muhsin ya riga Safiyatu da kwana biyu, sai aka kore ta. Ta ɗaukaka ƙara, ta ce an taɓa kwanan watan. Jibi masani zai buɗe kwamfutar a gaban kwamiti. In babu ita, kora ta tabbata."

"Su wa ke riƙe da mukulli?"

"Ni da Kamilu, mai kula da ɗakin. Amma ka cire shi a zargi. Yayan Safiyatu ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya kawo ta makarantar nan."

Aka kira Kamilu. Ya ce tun Juma'a da ya kulle bai sake leƙowa ba. Idanunsa sun yi jajur, Sufeto ya ɗauka baƙin cikin ƙanwa ne, ya sallame shi.

"Kafin ku kore ta, wa ya zaunar da su ya tambaye su?"

Dakta ta sunkuyar da kai. "Ɗalibai ɗari biyu ne, malamai uku. Na'ura ce ke kwatanta mana."

"Dakta, mu da ake zagi kullum, ko ɓarawon akuya sai mun ji ta bakinsa. A kira mini su."

Muhsin ya shigo yana kaɗa mukullin mota. Safiyatu ta biyo baya, ta rame ƙwarai. Sufeto bai san kan manhaja ba, ko wayarsa 'yarsa ke saita masa, amma ya san tambaya. Aka buɗe aikin daga filashin Dakta, ɗan abin adana bayanai, aka yi masa bayani: manhaja ce ta raba wa leburorin kamfani lokutan aiki.

"Muhsin, tunda taka ce, sa mini lebura a injin niƙa roba, awa goma sha biyu."

Ya danna, manhaja ta ƙi. Ya sake, ta ƙi. Gumi ya karyo masa.

"Ɗan kuskure ne, yallaɓai. Zan gyara."

"Ba kuskure ba ne," in ji Safiyatu a hankali. "Ni na hana ta. A kowane inji za ta yarda da ƙarin lokaci, ban da wannan. Awa goma sha biyu babana ya yi a kansa ranar da ya cinye masa hannun dama. Ina aji biyar na firamare."

Dakta ta juya tana share ido da bakin mayafi. Tambaya ɗaya tak, wadda ba ta ci minti biyar ba, ita aka rasa mai yi har aka zubar wa yarinya da shekara huɗu. Abin ya ƙona wa Sufeto rai, wallahi.

Ya juya ga Muhsin. "Wa ya ba ka?"

"A intanet na samo."

"Intanet ɗin ce ta san hannun babanta? Kada ka ɓata mini lokaci."

Mukullin mota ya daina kaɗawa. "Babana ne ya kawo mini a filashi. Ban san inda ya samo ba."

"Me babanka yake yi?"

"Manaja ne a wani kamfanin roba a Sharada."

Safiyatu ta ɗago kai. "Can Baba yake gadi," ta ce.

Bayan la'asar Sufeto ya isa gidan su Safiyatu a Panshekara da kofur ɗaya, Safiyatu na nuna musu hanya. Mahaifinta, Malam Labaran, yana zaune a tabarma ƙofar gida, hannun rigarsa na dama a naɗe. Ya yi musu maraba, ya sa aka kawo ruwa.

"Baba, yaya kuke da manajan kamfaninku?" in ji Sufeto.

"Ai sai godiya, ranka ya daɗe. Watannin baya an sa sunana cikin waɗanda za a sallama, wai mai hannu ɗaya ba ya iya jan ƙofa. Kamilu ne ya je ya roƙe shi, aka bar ni. Allah ya yi wa yaron nan albarka."

Sufeto ya ajiye ruwan. Tun a mota yake addu'ar Allah ya sa zatonsa ƙarya ne.

"Ranar Asabar Kamilu yana ina?"

"Makaranta ya je, ya ce aiki ya taso. Ya dawo da wani kaya a buhu a bayan babur."

Tsohon yana faɗa yana murmushi, bai san abin da ya faɗa ba. Sai ga Kamilu ya fito daga zaure, rungume da buhun. Ya ajiye shi a gaban Sufeto, ya durƙusa.

"Ba sai kun shiga ba, yallaɓai. Ga ta."

"Me ya kai ka?"

"Manaja ya ce zai bar Baba a aiki in na samo wa ɗansa aikin da zai miƙa. Na Safiyatu ne ya fi kowanne kyau. Na ce a raina ba wanda ke karantawa, duka biyun za su wuce. Ban san an kawo na'urar kwatantawa ba. Da abin ya fito, ya sa na canza kwanan wata. Da aka ce masani zai zo, ya ce in jefa kwamfutar a kogin Challawa." Ya ɗora hannu a kan buhun. "Na je har gada. Na kasa. Gaskiyar Safiyatu tana ciki."

"Kamilu," in ji Malam Labaran, "don ni?"

Kamilu ya sunkuyar da kai. Tsohon ya kamo gefen rigar Sufeto da hannunsa guda. "Ranka ya daɗe, in na bar gadin gobe, za ku bar mini shi?"

Sufeto ya kau da kai daga idon tsohon. Ya dai ce manajan ma yau zai kwana a hannu. Hakan bai sanyaya ran kowa ba.

Safiyatu ta matso, tana kallon buhun. "Yallaɓai, in ba a buɗe ta ba fa? In na janye ƙarata?"

"Kul," in ji Kamilu, karon farko da ya kalli idonta. "Sau ɗaya na cuce ki, kada ki sa ya zama biyu."

Ya miƙa hannuwansa da kansa. Kofur ya sa masa ankwa, sannan ya sunkuci buhun zai wurga bayan mota kamar buhun masara.

"Don Allah a hankali, ofisa," in ji Kamilu. "Shekara huɗun ƙanwata ne a ciki."

Sufeto ya karɓi buhun, ya ɗora a cinyarsa. Motar ta tashi, bai yarda ya waiwaya ba.