Tsarabar Inna

Wata Talata da hantsi, cikin shekarar 2017, waya ta shigo ofishin Sufeto Zailani. Jami'an duba abinci na tashar jirgin ruwa ta Dubai sun tsare wata kwantena mai shirin tafiya Legas. Sun fasa gwangwani ɗaya don gwaji, babbansu ya leƙa ciki ya kawar da kai. A jikin takarda an rubuta "Kifin Tuna Sabuwa". A ciki kuwa baƙin dagwalo ne mai yauƙi, abincin kyanwa.

An tura Zailani ne saboda yana jin Hausa. Kakanninsa mahajjatan ƙafa ne da suka yada zango a Sudan ba su koma gida ba, shi kuma aikin ɗan sanda ya kawo shi Dubai. Hausarsa irin ta tsofaffi ce. 'Yan kasuwar Deira kan kwaikwaye shi a bayan ido, amma a gabansa ba mai ko murmushi.

Ya tarar da mai kayan, Hajiya Sabuwa, a wani ƙaramin otal a Al Buteen. Dattijuwa ce 'yar kasuwar Singa ta Kano, mai baki kamar reza. Ranar dai kaifin ya dakushe.

"Abincin me ka ce, yallaɓai?"

"Na kyanwa, Hajiya."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Wannan fa kwantena ta biyu ce. Ta farko tana Kano, har an kusa cinye ta."

"Ba wanda ya yi kuka?"

"An ce yana da ƙarni, na ce a ƙara yaji. Ni ba na ci, likita ya hana ni gishiri."

Sufeto ya miƙa hannu. "Ba ni fasfonki. Sunanki ne a jikin gwangwanin. In ban samo wanda ya yi ba, ke kotu za ta riƙe. Ɗauri ne, sannan kora."

Ta ciro ta ba shi. Ta ce mutum biyu ke mata aiki a nan. Akwai Mubashir, ɗan aminiyarta, wanda ita ta yi masa biza, shi ke odar kaya. Akwai kuma Ɗantani, mai ɗauka da lodi.

Daga nan Zailani ya wuce unguwar Dubai Investments Park, zuwa masana'antar da ta liƙa takardun. Wani Abdulganiyyu, ɗan Zariya mai kula da inganci, ya ɗora gwangwanaye biyu marasa takarda a kan tebur.

"Wanne ne na mutum, yallaɓai?"

Sufeto ya jujjuya su. Ko uwarsu ba za ta bambance su ba.

"Haka suke zuwa daga Tailan, tsirara," in ji Abdulganiyyu. "Manyan jirage ke kamo kifin su daskarar. A masana'antar can a dafa, mata su bi shi da wuƙa. Farin nama na mutane. Baƙin da ke jikin ƙashi na kyanwa. Kai da ƙaya a niƙa wa kaji. Ba a zubar da komai, don ribar ba ta fi ɓawon albasa kauri ba. Kifin kaɗai ya cinye fiye da rabin kuɗin gwangwani, ƙarfe da mai su kwashe saura."

"To ƙaramin ɗan kasuwa me ya mallaka?"

"Takarda kawai, da sunansa a kai. Bana kuma kifi ya yi tashin gwauron zabi. Baƙin nama kuwa araha ne kamar a ce ka ɗauka."

"Ku kuma kun liƙa ba ku duba ba."

Abdulganiyyu ya sunkuyar da kai. "Inji muke ba da haya, yallaɓai."

"Wannan ku faɗa wa alƙali. Yalla, mu tafi."

A caji ofis, Mubashir ya zo cikin farar jallabiya, ƙamshin turarensa ya riga shi shigowa.

"Wallahi farin nama na yi oda," ya ce. "Hajiya uwata ce, ita ta mai da ni mutum. Ni daga ofis nake aiki, ban taɓa ganin kayan da idona ba. A tambayi wanda ya ɗauko."

Aka shigo da Ɗantani yana gumi a cikin sanyin na'ura. Sufeto ya tambaye shi inda yake ranar da aka ɗauko kayan.

"Ranar ina kwance, zazzaɓi nake."

"Mai gadin tasha ya ce kai ka tuƙo motar."

Ɗantani ya share gumi. "To, ni ne. Tsoro ne ya sa ni, ranka ya daɗe. Abin da aka ɗora min shi na kai."

Ƙarya ɗaya ta fito fili, kuma a bakin talaka ta fito, kamar yadda aka saba. Kofur ɗin da ke tare da Sufeto har ya zaro ankwa. Sufeto ya ce masa, "Shwayya, dakata." Hankalinsa bai kwanta ba, sai ya sa aka sake buɗe kwantenar.

A bakin ƙofa akwai katan-katan da ba na sayarwa ba, an ɗaure su da igiya, an rubuta sunaye da baƙin alƙalamin maka. Zailani ya san wannan tun daga gidan kakarsa. Bahaushe ba ya tura kaya gida bai cusa tsarabar iyali ba. Ya farke guda biyu. Ya daɗe yana kallon na biyun, sannan ya ce a ɗauko su duka.

Da la'asar ya tara su ukun a ofishinsa, katan biyu a kan tebur. Ya buɗe na farko.

"Ɗantani, wannan na wa ne?"

"Na matata da yara ne. Hajiya ce ta ba ni daga cikin kayan."

Gwangwanayen Sabuwa ne. Sufeto ya ce, "Wanda ya san abin da ke ciki ba zai aika wa 'ya'yansa ba. Matsa gefe."

Ya buɗe na biyu. A jikinsa an rubuta "Inna, Fagge, daga Mubashir". Kifin tuna ne na wani kamfani daban, kowane gwangwani da tambarin farashi na wani kanti a Al Rigga.

"Mubashir, kana da kwantena cike da kifi a hannunka, kyauta. Me ya kai ka kanti ka sayo wa mahaifiyarka da tsada?"

"Ita... wannan ta fi so."

"A Fagge ta saba da shi?"

Mubashir ya kalli katan ɗin.

"Halas, zance ya ƙare, ɗana. Ka sani, shi ya sa ka tsame uwarka."

Mubashir ya zame daga kujera ya durƙusa. "Kifi ya tashi, Hajiya ta ce Kano ba za su ɗauki ƙarin farashi ba. Na gwada baƙin nama sau ɗaya, na riƙe ragowar kuɗin. Da na ji shiru sai na sake. Ki yafe min, Hajiya."

Hajiya Sabuwa ba ta yi ihu ba, abin da ya fi ba kowa tsoro ke nan. Ta zuba masa ido, fuskarta ta koma kamar toka.

"Mubashir, ranar sunan ɗanka, kana nan ba ka samu zuwa ba. Na ce ba za a ji kunya ba ina raye. Katan biyar na aika gidanku daga kwantenar farko."

Ya ɗago kai a hankali.

"Da shi aka yi taliyar suna. Maijego ta ci, dangi sun ci. Innarka ta ɓoye katan ɗaya a ƙarƙashin gado, tana ci da burodi kullum da safe. Duk wanda ya shigo sai ta nuna masa, ta ce kifin ɗanta ne na Dubai."

Mubashir ya yunƙura zai tashi. Ya juya ya kelaya amai a kan farar jallabiyarsa. Ɗantani ya yi salati da ƙarfi. Shi kansa Sufeto, da ya ga gawa iri-iri, sai da tsigar jikinsa ta tashi.

Ya jawo aljihun tebur ya miƙa wa Hajiya fasfonta. Ta karɓa ba ta ko duba ba.

Kofur ya sa wa Mubashir ankwa. A bakin ƙofa ya tirje, muryarsa ta dawo kamar ta yaro.

"Hajiya, don Allah kar Inna ta ji."

"Dole ta ji," in ji Hajiya, tana lalubar wayarta. "Akwai saura a ƙarƙashin gadon."