Kaskon Chollom

A titin 125th na birnin New York Keziya ta fara ganin Mang, wata Asabar cikin watan Oktoba na 1993. Tana tsaye gaban teburin wani ɗan Nijar mai sayar da hulunan sanyi, tana neman wadda za ta rufe wa tsohuwar da suke zaune tare kunne. Mai tebur ya miƙo mata ja, ta ce masa tsohuwar ba ta sa ja.

"Wannan Hausar Bukuru ce," in ji wani a bayanta.

Ta juya. Dogo ne, siriri, sanye da rigar ma'aikatan filin jirgi, da ledar kayan miya a hannu.

"Barkin Ladi," ta ce.

"To ai gida ɗaya ne. Ni daga Vom. Sunana Mang. A filin jirgin JFK nake, wajen lodin kaya."

"Ban tambaye ka ba."

"Na sani. Na rage miki wahala ne."

Ba ta yi niyyar murmushi ba, amma ta yi. Ya raka ta har bakin tashar jirgin ƙasa. Kafin su rabu ya riga ya san nas ce a wani asibiti a Bronx, ya san kuma cocin da take zuwa. Ran Lahadi sai ga shi a bencin baya, yana rera waƙa da muryar da ba ta da daɗi ko kaɗan.

A cocin aka ba shi sauran labarin. Keziya ta taɓa aure. Mijinta Chollom yana aiki a kicin ɗin wani gidan abincin Faransawa, ƙarshen mako kuma yana tuƙa tasi. Wani fasinja ya harbe shi cikin motar, shekara uku da suka wuce. Mahaifiyarsa, Mama Yabo, wadda ta zo New York duba idonta, ba ta koma gida ba. Su biyu suke zaune a hawa na huɗu a Harlem, matar mamaci da uwar mamaci, kowace tana lallaɓa ɗayar.

Mang bai ja da baya ba. Sista yake kiranta, daga baya ya koma Sistata. Idan ya bugo tarho ba kowa, na'urar ɗaukar saƙo ce ke amsawa, kuma har lokacin muryar Chollom ce a kanta, yana cewa ba sa gida, a bar saƙo. Keziya ta ɗauka wannan kaɗai zai kore shi. Da ta dawo daga aiki ta danna, sai ta ji:

"Ranka ya daɗe, sannu da gida. Mang ne. Don Allah ka gaya wa Sista an kawo mini acca daga Jos, ban san yadda ake dafa ta ba. Ka ce mata kuma na tuna da ita yau, fiye da yadda ya kamata ga mai aiki kusa da injin jirgi."

Ta saurara, ta sake saurara, sannan ta goge kafin Mama ta ji.

Ranar da ya fara zuwa gidan, ya durƙusa ya gai da tsohuwa da yarensu, ya ajiye accar a gabanta. Mama Yabo ta amsa gaisuwa yadda ya dace. Ta tambayi gidansu da sunan kakansa. Amma da ya nufi kujerar bakin taga, ta ce, "Ba nan ba." Ya koma kan wata.

Bayan tafiyarsa Keziya ta tattara kofuna, tana jira.

"Yaron kirki ne," in ji Mama. "Ban hana ki ba, 'yata. Amma ki bari in mutu tukuna. Ba zan daɗe ba."

"Mama, wace irin magana ce wannan?"

"In kin tafi, wa zai riƙa kiran sunan Chollom a gidan nan? Ni kaɗai? Za a ce tsohuwa ta haukace."

Keziya ta kai kofunan kicin. Tana son Mang, ta san haka tun kafin ƙanƙara ta fara sauka. Amma duk lokacin da ta yi dariya da shi a tarho, sai ta ji kamar akwai wanda ke tsaye a ƙofar kicin yana goge hannu da tawul, yana kallonta. Ba fushi yake ba. Kallo kawai yake, kuma wannan ya fi mata ciwo.

Haka suka yi hunturun. Mang yana jiranta a ƙofar asibiti da shayi cikin kofin takarda. Yakan ce, "Sistata, yaushe?" Takan ce, "Ka ba ni lokaci." Yakan ce, "Na ba ki duka."

Wata Lahadi cikin watan Maris, bayan an tashi daga coci, ya biyo su gida da leda biyu. Ranar haihuwar Keziya ce. Mama ta shiga ɗaki ta kwanta, kamar yadda ta saba idan ya zo.

"Ki zauna a falo," ya ce. "Yau ni ne da girki. Kada ki leƙo."

"Ka iya ma?"

"Na yi bincike."

Ta zauna ta miƙe ƙafa. Ta ji yana buɗe durowa, yana neman wuƙa, yana rera waƙarsa marar daɗi. Ta ji nama ya faɗa cikin mai, ƙamshinsa ya cika falo. Sai ƙarar famfo, sai albasa. Ta lumshe ido.

Sannan ta ji an zare toshiyar kwalba. Wani abu ya sauka kan ƙarfe mai zafi ya yi tsuwa, tururi mai tsami-tsami ya taso ya zagayo falon.

Keziya ta miƙe ba ta san ta miƙe ba. Ta san wannan ƙamshin. Jan ruwan inabi ne a kan baƙin kasko. Kowace Lahadi Chollom yakan soya tsokar naman sa mai kauri, ya yi mata miyar da ya koyo a wurin aiki, yana cewa Turawa ma ƙanzo suke ci, suna kawai suka canza masa. Tun rasuwarsa ba wanda ya sauke kaskon daga ƙusarsa.

Ƙofar ɗaki ta buɗe. Mama Yabo ta fito ba ɗankwali, ba sanda, tana sauri irin wanda Keziya ba ta taɓa gani a wurinta ba. Ta tsaya a ƙofar kicin. Ta ga bayan namiji cikin tururi, da tawul a kafaɗa.

"Chollom," ta ce a hankali. "Ka dawo?"

Mang ya juyo da cokali a hannu.

Miya tana tafasa. Tsohuwa ta dafa bango, fuskarta ta koma kamar ta wadda aka tasa daga barci.

"Wa ya ce ka taɓa kaskon nan?" in ji Keziya.

"Shi na gani a rataye. Sistata, me ya faru?"

"Kada ka kira ni haka. Kujerarsa aka hana ka, shi ne ka shigo ta kicin? Har abincinsa?"

"Abincin wa?"

"Ka tafi, Mang."

Ya kalle ta, ya kalli Mama. Ya kashe wuta. Ya zuba miyar a kan naman da ya riga ya jera a faranti, don hannunsa ya rasa abin yi, sannan ya ɗauki kwat ɗinsa ya fita.

Keziya ta buɗe taga duk da sanyi. Ƙamshin bai fita ba. Ta koma falo ta zauna.

Can ta ji ƙarar wuƙa a kan faranti. Mama ce zaune a teburin kicin, ta yanki nama, ta dangwala a miya, tana taunawa a hankali da sauran haƙoranta.

"Zo ki ɗanɗana," ta ce.

"Ba zan iya ba."

"Na ce ki zo."

Keziya ta sa yatsa ta lasa. Zaƙi ne ya fara dukan harshenta, kamar zoɓon da aka cika wa sukari. Bayansa magi, da yaji mai yawa. Miyar tsararo ce, tana gudu a faranti kamar ruwa.

"Ya wanke kaskon," in ji Mama. "Na ji famfo. Ya soya nama, ya ga ƙasan ya yi baƙi, ya ɗauka ƙonewa ce, ya wanke tas. Ya zubar da ƙanzon." Ta girgiza kai. "Uwarsa ta koya masa tsabta."

Dariya ta kuɓuce wa tsohuwar, gajeriya, ta ƙare da hawaye. Ta share da bayan hannu.

"Da na ji ƙamshin nan, na manta da komai. Na manta mun binne shi. Da na ɗanɗana kuma, sai na tuna." Ta ture farantin. "Wannan ba hannun ɗana ba ne. Ba wanda zai sake yin irin nasa."

Keziya ta durƙusa ta kifa kai a cinyarta. Suka daɗe a haka.

Ran Laraba da yamma ta dawo daga aiki ta tarar da fitilar na'ura tana ƙyaftawa. Mama tana zaune kusa. Keziya ta yi jinkiri, tsohuwa ta ce, "Danna mana."

"Keziya, Mang ne. Matan zumuntar coci na tambaya me kika fi so, suka ce nama da miyar jan inabi. Ba wadda ta gaya mini wanda yake dafa miki. Wani ɗan Gana, Kassim, da muke aiki tare, shi ya kwatanta mini, shi kuma Musulmi ne, bai taɓa ɗanɗanawa ba. Ban zo in zama kowa ba. Ban san mijinki ba sai muryarsa, kuma ina girmama shi. Ki ba Mama haƙuri. In kin ce kada in sake bugowa, ba zan bugo ba. Amma ina sonki, wannan kam ba zan iya gyara shi ba."

Na'urar ta yi shiru.

"Kira shi," in ji Mama. "Ki ce ya sake sayo nama. Kuma kada ya sayo kwalbar nan mai zaƙi."

Ran Lahadi Mang ya zo, ya tsaya a bakin ƙofa kamar baƙo. Keziya ce ta sauke kaskon da hannunta. Ta ɗan tsaya riƙe da shi, nauyinsa yana jan wuyan hannunta, sannan ta ɗora a wuta.

"Gishiri da masoro kawai," ta ce. "Ajiye magin nan."

"Ko rabi?"

"Mang."

Suka soya naman har ya yi ɓawo, suka kwashe suka bar shi ya huta. Da ya miƙa hannu zai kai kaskon famfo, sai ya tuna, ya ja hannunsa. Ta zuba ƙananan albasa a cikin man da ya rage. Da suka yi laushi ta ɗauki kwalbar, ta tsaya ba ta zuba ba.

"In zuba?" ya ce.

"A'a. Ni zan zuba."

Ta zuba. Tururin ya taso ya rufe mata fuska. Ta tsaya cikinsa ba ta ja baya ba. Ta miƙa masa cokalin katako.

"Kankare ƙasan. Duk abin da ya manne, shi ne miyar. Ka bar shi ya tsotse har ya koma rabi, sannan romo. Bota, man shanun Turawa, a ƙarshe, mai sanyi, bayan ka sauke."

Mama Yabo ta ja kujera ta zauna a ƙofar kicin, tana ba da umarni duk da ba ta taɓa dafa abin ba. Ta ce a rage wuta. Ta tambaya ko giyar ta ƙone, don ita 'yar zumuntar matan coci ce. Sannan ta ce, "Kai, ɗan Vom."

"Na'am, Mama."

"In na ba ka ita, ina za ku kai ni?"

"Inda za mu zauna. Sai dai in ke ba kya so."

"Zan riƙa maganarsa a gabanka. Kullum. Ba zan daina ba."

"Zan saurara. Ai ban san shi ba, sai ki gaya mini."

"Wataƙila in sake kiran ka da sunansa. Tsufa ne."

"Kin kira sau ɗaya, ban ji haushi ba."

Tsohuwa ta leƙa kaskon. Ta ce, "Miyarka za ta kama." Ya juya da sauri.

Wannan karon ta yi kauri, tana sheƙi, tana bin bayan cokali. Keziya ta ci, ta ji ba daidai da ta Chollom ba ce, kuma ta cinye.

An ɗaura auren a watan Yuni, a ɗakin ƙasan wani bene a Bronx inda cocinsu ke haya. Iyayen Keziya ba su sami biza ba. Da fasto ya tambaya wa zai ba da amarya, wani dattijon coci da aka shirya ya fara gyara riga, amma Mama Yabo ta riga shi tashi, tana dogara sanda.

"Ni ce," ta ce. "Gidanmu aka kawo ta, daga gidanmu za ta fita."

Ta kama hannun Keziya ta sa cikin na Mang, ta riƙe su duka biyu da nata.

"Ɗana Chollom ya riƙe yarinyar nan da kyau, kowa a nan shaida ne. Kai ma ka riƙe ta haka. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku 'ya'ya, ya ba ku tsufa tare. Duk wanda ya fita aiki a cikinku, Allah ya dawo da shi gida."

Jama'a suka ce amin. Keziya ta faɗi nata a ƙarshe, bayan kowa ya yi shiru.