Garkuwar da Barmo Ya Ɗaga

Ni nan na taɓa jagorantar mayaƙan haya. To, ba ni ba ne, wani Barmo ne, a bakin kakata na ji.

Al'adarsu, in shugaba ya mutu, wanda ya ɗaga garkuwarsa ya gaje shi, kuma shugaba ne ƙarshen haye kogi. Ran da shugabansu ya mutu, Barmo kuwa don ya ɓuya a bayanta ya ɗaga ta.

Ga dodanni tafe, ga kogi a gaba, kwale-kwale ɗaya.

"Ni fa ba na so," in ji Barmo. Amma ya tsaya. Wasu suka haye, ya tsaya. Saura suka haye, ya tsaya.

Dodanni na isowa, mayaƙan suka juyo suka ɗauke shi. Ni ma na tuƙo kwale-kwalen.

Sai Kande 'yar ƙanwata ta ce, "Kawu, ba a bakin kakarka ka ji ba?"