Wuƙar Nuriyya

A bakin kasuwar kifi ta Argungu Mujtaba ya fara ganinta, tana kokawa da wata ƙatuwar giwan ruwa da wuƙar da ko albasa ba za ta yanka ba. Ya zo sayen kifi, amma sai ya tsaya kallo har ya manta da abin da ya kawo shi.

"Malama, wagga wuƙa rodi ta, ba ƙarhe ba," in ji shi.

Nuriyya ta ɗago tana share gumi. "To Sarkin Maƙera, kihi kaz zo saye ko gyaran wuƙa?"

Ba maƙeri ba ne ko kusa. Malamin makaranta ne a Birnin Kebbi, ɗan gidan malamai, wanda ya koyi ƙira a wayar hannu don sha'awa kawai. Ranakun hutu yakan shige bayan gida da gawayi da guduma, 'yan gidansu suna yi masa dariya. Kafin ta gama yanka masa kifin ya cika mata kunne: zarto akwai kaifi amma siriri ne, magagari yana da tauri amma saurin karyewa, sifirin tsohuwar mota kuwa shi ne sarki. Ba ta fahimci ko rabi ba. Ta dai lura idan yana magana idanunsa har wani haske suke yi, kuma ta ba shi lambarta.

Bayan ɗan lokaci ya dawo da wuƙa cikin kube, ƙotarta ta icen ƙirya, an auna ta daidai tafin hannunta. Tana ɗora ta a kan kifi sai ta ratsa shi kamar an yanka sabulu.

"Nurina, hannunki ya huta?" ya rubuto mata da yamma.

"Ya huta, Maƙerina. Zuciya ta ka wahala yanzu."

Soyayya ta yi nisa, har manyansa suka fara maganar zuwa gaisuwa. Gidansu Nuriyya kuwa gida ne mai shiru. Mahaifinta, Malam Abu, direban haya ne tsakanin Argungu da Birnin Kebbi, kuma a kan hanyar ya rasu, kusa da Zauro, shekarun baya. Kafin labari ya iso gida mutanen wurin sun yi masa sutura. Mahaifiyarta, Inna Hodi, ba ta ga gawa ba, ba ta ga motar ba, kuma tun ranar ba ta ƙara hawa wannan hanya ba. Har yanzu idan la'asar ta yi takan dakata da abin da take yi, ta karkata kunne wajen ƙofa.

Wata safiya Mujtaba ya turo hoto, cike da alfahari.

"Dubi inda nic ciro ƙarhen wuƙarki, Nurina. Motocin zamanin da sun hi na yanzu."

Wurin 'yan gwangwan ne a Birnin Kebbi, inda ake yanka tsofaffin motoci, ga shi tsugune yana murmushi. A bayansa akwai wata mota da gabanta ya murƙushe, a jikin ƙofarta an zana kifi da rawayan fenti, wutsiyarsa a karkace. Nuriyya ce ta zana shi tana ƙarama, mahaifinta yana riƙe mata gwangwanin fentin.

Wayar ta suɓuce daga hannunta.

Ba ta ba shi amsa ba, kuma ba ta faɗa wa kowa ba. Ta ci gaba da zuwa kasuwa, amma duk lokacin da ta zare wuƙar sai ta ji warin fetur da turaren Baba. Ta kasa yar da ita, ta kasa riƙe ta. Saƙonninsa suka taru: "Mi ni yi miki?" "Nuri, ko kalma guda." Tana karantawa tana kuka, don tana son shi, so mai tsanani.

Abdussamadu, ɗan kawunta mai injin casar shinkafa, wanda ya daɗe yana nemanta tana zillewa, shi ma ya ga hoton, domin Mujtaba ya saka shi inda kowa zai gani. Bai yi wata-wata ba ya kai wa Inna.

Inna ta daɗe tana kallon wayar. Sai ta tashi ta ɗauko wuƙar daga kwandon Nuriyya da bakin zanenta, ta ajiye a tsakar gida.

"Ko wane maƙerin gado ya san ba a kai ma mutane ƙarhen da yas sha jini," ta ce, muryarta a dushe. "Shi da wa yak koya? Ya sa ɗiyata cin abinci da abin da yak kashe ubanta. Kar in ƙara jin sunanai cikin gidanga."

Ranar Nuriyya ta rubuta masa gaskiya, ta rufe da cewa, "Ba laihinka na ba. Amma Inna ta hana."

Washegari da hantsi sai ga shi a zaure, idanu jajur. Ya durƙusa, Inna tana bayan labule.

"Inna, wallahi ban sani ba. Na duba tartsatsin ƙarhen, na saurari ƙaratai, ban tambayi mai shi ba. Ki gahwarce ni. In kin so yanzu in kai ta gulbi in jehwa."

Nuriyya har ta fid da rai. Can sai muryar Inna ta fito, ƙasa-ƙasa.

"Motar tana nan?"

"Tana nan, Inna. 'Yan gwangwan za su yanka ta a loda, na roƙe su sunka dakata."

"Kai ni."

A hanya Inna ta runtse ido, tana riƙe da hannun 'yarta, ba ta buɗe ba sai da aka wuce Zauro. Da suka isa suka tarar Mujtaba ya riga ya share ciyawar da ke kewaye da motar, ya rufe ta da tamfal. Ya janye shi a hankali ya koma gefe.

Inna ta shafa ƙofar, ta leƙa ciki. Kujerar direba tana nan an jawo ta gaba sosai, kusan manne da sitiyari.

"Gajere na," ta ce, wata dariya ta kufce mata. "Kullum sai ya jawo ta haka, ina yi mai tsiya."

Sai kuma kukan ya zo, wanda ta riƙe tun ranar da aka kawo mata labari. Ta zauna a ƙasa ta jingina da motar ta yi shi har ta gaji, Nuriyya tana rungume da ita. Mujtaba yana tsaye cikin rana, bai matsa ba.

Da ta share fuska ta dube shi.

"'Yan uwana duk cewa su kai in yi haƙuri. Babu wanda yat taɓa kawo ni. Ka turo manyanka."

Bayan girbin shinkafa aka ɗaura auren Mujtaba da Nuriyya a Argungu. Da za a tafi da amarya, Inna ta sa aka kira ango. Wuƙar tana kan cinyarta, naɗe cikin farin ƙyalle.

"Wagga tawa ta, ba ni bad da ita," in ji ta. "Ƙera ma matarka wata. Amma wannan karon ka tambayi inda ƙarhen yah hito."

Ta haɗa hannayensu biyu cikin nata.

"Allah shi jiƙan Abu. Ku kuwa Allah shi ba ku zaman lahiya, shi kai ku gida lahiya, yau da kullum."

Nuriyya ta amsa da amin cikin mayafi, tana kuka, tana murmushi.