Mai Gadin Kurmi da Goggonsa

A can wani zamani, wasu mutane na zaune a bakin kurmi, cikinsa suke samun zuma da goro da magani. Rannan masu babbar gona suka zo, suka sare rabinsa suka dasa kwakwar manja, suka kewaye sauran da waya. Suka ɗauki wani saurayi ɗan garin aikin gadi, suka ba shi hula da usur. Kai, zo ka ga taƙama!

Mai neman zuma ya zo, saurayi ya busa usur, ya koma. Mai tsintar goro ta zo, ya busa usur, ta koma.

Sai ga goggonsa da kwando, za ta ɗebo sassaƙe, jikanta na kwance da zazzaɓi.

Ya ce, "Goggo, an hana shiga."

Ta ce, "To busa mana, ɗan nan. Da sassaƙen nan na raya ka har ka sami numfashin busawa."

Ya kai usur baki, iska ta ƙi fita. Ya ɗaga mata waya, ya karɓi kwandon, ya bi bayanta.

Washegari aka kore shi daga aiki. Ya dawo gida, ya tarar yaron ya tashi zaune yana neman kunu.