Harsashi Ashirin Masu Jan Fenti

Ƙarfe tara na safiyar Asabar Alhaji Munzali ya shigo ofishin 'yan sanda na unguwar Shisha a Makka yana haki. Dattijo ne haifaffen Makka, jikan Kanawa, ya shekara talatin yana gasar harbi a wani kulob da ke bayan gari. Aka kai shi gaban Sufeto Lurwanu, wanda shi ma da Hausa ya tashi a gidansu.

"An yi mini sata, ɗana. Harsashi ashirin."

"Da bindiga?"

"Bindigata na nan. Ba asarar ce ta kawo ni ba. Harsasan nan, duk wanda ya harba ko ɗaya, a fuskarsa bindigar za ta tarwatse."

Lurwanu ya ajiye biro, ya ɗauki hularsa.

Ɗakin ajiyar yana saman benen Alhaji. Sufeto ya fara duba kwaɗo. Ba a fasa ba, ko ƙwarzane babu. A kan kanta ga kwalayen harsasan kanti sababbi fil, ba wanda ya taɓa.

"Ɓarawo ya bar masu kyau ya kwashi marasa kyau?"

"Ikon Allah," in ji Alhaji, idonsa a ƙasa. "Ina zargin mai gyaran mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, da ya zo jiya."

"Wa ya ɗura su?"

Alhaji ya bayyana cewa kwanson da aka harba suke tarawa, a wanke, a auna albarushi a zuba, a sa sabon kai. Wata biyu ke nan yana koya wa surukinsa Rakan, mai sayar da magani, mijin 'yarsa Suhaila.

Ya nuna gwangwanayen albarushi biyu masu kama da juna. "Laraba na fita sallar la'asar na bar shi yana ɗuri. Da na dawo sai na tarar na ƙaramar bindiga ya buɗe, mai saurin ci. Na shafa musu jan fenti na kulle, da niyyar in warware su."

"Ka gaya masa dalili?"

"Na ce ya ɓata aiki. A gaban matarsa na faɗa, ya fice kafin in ƙarasa. Yau na kira, wayarsa a kashe."

"Wa ke da makulli bayan kai?"

"Babu kowa."

"Baba, mai gyaran mukayyif bai san jan fenti ba. Idan kunya kake kare wa wani, to ransa kake wasa da shi."

Dattijon ya zauna a kan wani akwati. "Suhaila na da ɗaya."

A hanyar Aziziyya, unguwar su Suhaila, Sufeto ya kira kantin maganin da Rakan ke aiki. Aka ce ya ɗauki hutun kwana ɗaya.

Suhaila ta buɗe ƙofa kaɗan, ta tsaya a baya, ganin mahaifinta tare da ɗan sanda.

"Ina maigidan, 'yar'uwa?"

"Yana wurin aiki."

"Makullin ɗakin Baba fa?"

"Ya ɓace tuni, wallahi ban san inda yake ba."

Ta tsagar ƙofar Lurwanu ya hango kabad ɗin ƙarfe a buɗe, wurin jingine bindiga wayam.

"Ba kama shi ne a gabana ba yanzu," ya ce a hankali. "Albarushin da ya zuba ba na bindigarsa ba ne, kuma bai sani ba. Idan ya ja kunama, sai dai wani ikon Allah."

Ta saki ƙofar ta dafe ƙirji. "Cewa ya yi zai nuna wa Baba awonsa daidai ne! Jiya ya ɗauki makullin. Yana istirahar abokinsa, gidan gona a hanyar Jumum, tun takwas ya fita."

Kofur Turki ne ke tuƙi. Bai ɗaga ƙafa daga totur ba har suka bar kwalta. A kujerar baya Alhaji sai jan carbi yake. Lurwanu ya sauke gilashi yana kasa kunne, yana roƙon Allah kada ya ji ƙara.

Bayan katangar gonar suka hango shi. Ya kafa allo can nesa, ya kwanta rubda ciki a kan darduma, bindiga a kan buhun yashi, yana gyara saiti.

Sufeto ya hana a danna jiniya, gudun kada firgici ya sa yatsa ya motsa. Ya sauka ya taka a hankali, sai da ya kusa ya yi sallama.

"Rakan, cire hannunka daga bindigar. 'Yan sanda ne."

Rakan ya waiwayo ya miƙe zaune. "Ina da izini. Kuma harsasan kanti ne."

Lurwanu ya durƙusa ya buɗe bindigar. Harsashi ya faɗo a kan dardumar, gindinsa ja. Ya buɗe kwalin da ke gefe ya ƙirga. Sha tara. Sai a lokacin ya saki numfashi.

"To, ni na ɗauka," in ji Rakan. "Shekara goma ina auna magani, ban taɓa kuskure ba. Kowanne sau biyu na ɗora a sikeli. Amma ya ce na ɓata aiki, a gaban iyalina."

"Awonka daidai ne," Sufeto ya ce. "Gwangwanin ne ba shi ba. Na ƙaramar bindiga ka zuba."

Rakan ya dubi harsashin, ya dubi surukinsa da ke tahowa yana tuntuɓe a yashi.

"Da tuni na harba tun isowata, Baba. Iska ce ta yi ta kayar da allon."

Alhaji ya rungume kan Rakan yana maimaita alhamdulillahi, hawaye na bin gemunsa.

"Yalla, mu tafi, a ofis za mu ƙarasa," in ji Lurwanu. "Kai ma, Baba, ka zo da takardunka, akwai maganar wannan ɗurin."

Rakan ya miƙa hannuwansa ba gardama. Turki ya ɗaura ankwa, shi kuwa Rakan har suka isa mota yana kallon yatsunsa, yana motsa su ɗaya bayan ɗaya.